Yadda ɗan majalisar Amurka ke shekara ashirin a kujera, da ƙofar da ake bi a kayar da shi

Ranar Talata 26 ga Yunin 2018 aka yi wani zaɓe a birnin Niyok wanda akasarin mazauna birnin ba su ma san ana yi ba. Zaɓen fidda gwani ne na jam'iyyar Dimokurat a mazaɓa ta 14 ta Majalisar Wakilan Amurka, mazaɓar da ta haɗa wani yanki na Queens da wani yanki na Bronx. Mutum sama da 700,000 ke zaune a cikinta, amma waɗanda suka fito suka kaɗa ƙuri'a ba su cika 30,000 ba. Da aka gama ƙirga, Joe Crowley, wanda ke majalisa tun 1999, ya tashi da 12,880. Alexandria Ocasio-Cortez, 'yar shekara 28 wadda watanni kaɗan kafin nan take aikin miƙa wa mutane abinci da abin sha a wani shago a Manhattan, ta tashi da 16,898. Tazarar ƙuri'a 4,018 ce. Da wannan aka gama magana, domin kowa ya san babban zaɓen Nuwamba a wannan mazaɓa cika umarni ne kawai.

Labarin da ya zagaya duniya a lokacin shi ne yarinya ta kayar da giwa. Haka ne, amma ya fi amfani a fara da tambayar da ke gaban wannan: ta yaya mutum zai yi zaɓe goma a jere, kowace shekara biyu, ba tare da ya taɓa jin zafin takara ba? Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa faɗuwar Crowley ta girgiza Washinton, zai kuma gane dalilin da ya sa irinta ba ta cika faruwa ba.

Majalisar Wakilan Amurka kujeru 435 gare ta, kuma wa'adin kowane ɗan majalisa shekara biyu ne, ba huɗu ba kamar na 'yan majalisar Najeriya. Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin ƙasar sun taƙaita wa'adin ne da gangan, don wakili ya riƙa komawa gaban jama'a a kai a kai. Sai dai babu iyaka ga yawan tazarcen da mutum zai yi. Wasu jihohi sun yi yunƙurin sanya iyaka, Kotun Ƙoli ta ce musu a 1995 ba su da wannan hurumin. Abin da ya biyo baya shi ne, a yawancin zaɓuɓɓuka sama da kashi 90 cikin 100 na 'yan majalisar da suka nemi komawa suna komawa. Ko a 2010, shekarar da guguwar Rifablikan ta yi wa Dimokurat mummunan ɓarna, kusan kashi 85 na masu neman tazarce sun tsira. John Dingell na Michigan ya hau kujerar mahaifinsa a 1955, bai sauka ba sai 2015, shekara 59 ke nan. Mahaifin ya riƙe ta tun 1933, kuma da ɗan ya sauka matarsa Debbie ce ta shiga majalisar a madadinsa. Hal Rogers na Kentucky yana can tun 1981. Duk wannan a ƙasar da, in aka tambayi mutane ra'ayinsu game da majalisar gaba ɗayanta, sau da yawa ko mutum ɗaya cikin huɗu ba a samu ya ce tana aiki mai kyau. A Nuwamban 2013 binciken Gallup ya nuna kashi 9 kacal. Wani masanin siyasa mai suna Richard Fenno ya daɗe da lura da wannan abin mamaki: Ba'amurke na zagin majalisa da safe, da yamma ya zaɓi ɗan majalisarsa.

Abu biyu ne suka haɗu a nan, kuma galibi ana cakuɗa su. Na farko, kujerar da jam'iyya ɗaya ta mallaka, irin wadda za a ce tana aljihunta. Na biyu, ƙarfin da mai ci yake tarawa a kan kansa. Crowley yana da duka biyun.

Mu fara da kujerar. A lokacin, mazaɓa ta 14 ta ƙunshi unguwanni irin su Astoria da Jackson Heights da Corona da Elmhurst da Woodside a Queens, da Parkchester da Morris Park da Throggs Neck a Bronx. Kusan rabin mutanenta 'yan asalin Latin Amurka ne, ga 'yan Asiya da yawa, ga 'yan haya da ma'aikata masu ƙungiyoyin ƙwadago. Mutane ne da ke zaɓen Dimokurat sak, daga shugaban ƙasa har ƙasa. A 2016 Crowley ya ci da kusan kashi 83 cikin 100. A irin wannan wuri, duk wanda jam'iyya ta tsayar ya ci, ko an san shi ko ba a san shi ba. Akwai kishiyar haka a ƙauyukan Kentucky da Alabama da yammacin Texas, inda ɗan Dimokurat ke tsayawa don kawai kada a bar gurbin fili.

Da an ce kujera tana aljihu, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne wayon shata iyaka. Gaskiya ne akwai shi. Bayan kowace ƙidaya ta shekara goma ana sake zana mazaɓu, kuma a jihohi da yawa 'yan majalisar jiha ne ke riƙe da alƙalami. Jam'iyyar da ke da rinjaye takan tattara magoya bayan abokiyar hamayya ta cusa su cikin mazaɓa ɗaya ko biyu, su ci can da kashi 80, ita kuma ta kwashe sauran da kashi 55 ko 60. Ko kuma ta farfasa garin da ba ya yin ta, ta raba shi tsakanin mazaɓu uku don kada ya yi tasiri a ko'ina. Dabarar tsohuwa ce. Tun 1812 aka laƙaba mata sunan gwamnan Massachusetts, Elbridge Gerry. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce kotunan tarayya ba za su sa baki a shata iyaka don amfanin jam'iyya ba, wato ta bar wa 'yan siyasa filin. Shi ya sa a 2025 Texas ta sake zana taswirarta a tsakiyar wa'adi don ƙara wa Rifablikan kujeru, California kuma ta rama da irin nata.

Amma mazaɓar Crowley ba haka ta samu ba. A 2012 'yan majalisar jihar Niyok sun kasa daidaitawa a kan taswira, sai kotun tarayya ta zana musu. Alƙalai ne suka shata ta, kuma duk da haka ta fito ta Dimokurat tsantsa. Dalilin a fili yake: duk ta inda ka ja layi a Queens da Bronx, 'yan Dimokurat za ka kewaye. A shekaru arba'in ɗin nan Amurkawa sun ware kansu da kansu, manyan birane sun koma hannun wannan jam'iyya, karkara ta koma hannun waccan. Kuma mutane sun daina raba ƙuri'a. A 1984 mazaɓu kusan 190 ne suka zaɓi shugaban ƙasa daga jam'iyya ɗaya, ɗan majalisa daga wata. A 2020 irin waɗannan mazaɓu 16 ne kacal. A ganina wannan ya fi alƙalamin masu zana taswira bayyana abin da ke faruwa, ko da yake zargin alƙalamin ya fi daɗin faɗi. Yau cikin kujeru 435, waɗanda ake fafatawa ta gaske a kansu a Nuwamba 'yan gommai ne. Can ake zuba kuɗi da tallace-tallace. Sauran kuwa an san mai su tun kafin a buga takardar ƙuri'a.

To in Nuwamba ba ta da haƙori, ina zaɓen ya koma? Ya koma fidda gwani. Wannan ba sabon abu ba ne a Amurka. A jihohin kudu, tsawon shekarun da Dimokurat ke mulki ita kaɗai, fidda gwaninta shi ne zaɓe, shi ya sa aka riƙa hana baƙar fata shiga cikinsa har sai da Kotun Ƙoli ta haramta hakan a 1944. Ya kamata mai karatu ya lura cewa fidda gwani a can ba na deliget ba ne da ake tarawa a filin wasa. Gwamnati ce ke shirya shi, a rumfunan zaɓe, kuma talakawan da suka yi rajista ne ke jefa ƙuri'a. A ƙa'ida ke nan ƙofa a buɗe take ga kowa ya ƙalubalanci mai ci. A aikace kuma a nan ne ƙarfin mai ci yake nuna kansa.

Dubi yadda Crowley ya hau kujerar tun farko. Mutumin da Crowley ya gada, Thomas Manton, shi ne shugaban jam'iyyar Dimokurat na gundumar Queens. A 1998 Manton ya shigar da takardunsa kamar zai sake tsayawa, kowa ya ja da baya don ba mai ja da shi. Sai da lokacin shigar da takardu ya ƙure, ya janye, wani ɗan ƙaramin kwamitin cike gurbi ya ɗora Crowley, wanda a lokacin ɗan majalisar jiha ne. Sauran masu sha'awar kujerar suka farka suka tarar an rufe ƙofa. Ɗauki-ɗora ke nan, da ubangida da komai, kuma duk cikin doka. Da Manton ya rasu a 2006, Crowley ya gaji shugabancin jam'iyyar gundumar ma. Wannan muƙami ba a cika jin sa a labarai ba, amma shi ke da ta cewa a kan wa zai tsaya kansila, wa zai tsaya majalisar jiha, har da wa za a tsayar alƙali. Yanzu ka ɗauki kanka matashin kansila a Queens mai burin zuwa Washinton. Za ka fito ka yi takara da mutumin da makomarka ke hannunsa? In ka faɗi, ka faɗi sau biyu. Mai hankali jira yake yi. Shi ya sa tun 2004 ba wanda ya ƙara fitowa ya tunkari Crowley a fidda gwani, shekara goma sha huɗu cur.

Masana sun daɗe da cewa babban makamin mai ci shi ne tsoron da yake jefa wa waɗanda za su iya kayar da shi. Ba ya buƙatar ya doke ɗan takara mai ƙarfi, ya ishe shi kada mai ƙarfin ya fito. Kuɗi ma wannan aikin suke yi. Ɗan majalisar da ke kujerar aljihu yana tara miliyoyin dala duk da ba shi da abokin hamayya, saboda bankuna da kamfanonin gidaje da ƙungiyoyin ƙwadago sun fi son ba wanda tabbas zai koma, musamman in yana kwamiti mai maiƙo. Crowley yana kwamitin da ke rubuta dokokin haraji, wanda ba kamarsa wajen jawo masu ba da gudummawa. Asusun da ya cika ya tumbatsa gargaɗi ne ga duk mai tunanin fitowa. Rarar kuma sai ya rarraba wa 'yan uwansa da ke mazaɓun da ake gumurzu, su ci, su dawo suna masa kallon mai alheri. Ta haka ake hawa tsanin shugabanci. A 2018 Crowley shi ne na huɗu a jerin shugabannin Dimokurat a majalisar. Ukun da ke gabansa, Nancy Pelosi da Steny Hoyer da Jim Clyburn, duk sun doshi tamanin, shi kuwa yana da 56. Ana ta ambaton sa a matsayin wanda zai iya zama kakakin majalisa wata rana.

Sannan ga ofis. Kowane ɗan majalisa gwamnati na ba shi kuɗin ɗaukar ma'aikata har 18 na dindindin, da ofis a mazaɓa, da damar aika wa jama'a wasiƙu ba tare da ya biya daga aljihunsa ba. Tsohuwar da fanshonta ya maƙale, tsohon sojan da asibiti ke ja masa rai, mutumin da bizar matarsa ta yi shekara biyu ba labari, duk ofishin ɗan majalisa suke bugawa waya. Wanda aka warware wa matsala ba ya mantawa, kuma ba ruwansa da yadda wakilin ya kaɗa ƙuri'a a kan wani ƙudurin haraji. Tara wannan shekara ashirin ka ga abin da zai zama. Ga kuma hujjar daɗewa, wadda ba ƙarya ba ce: a majalisar Amurka, musamman a ɓangaren Dimokurat, wanda ya daɗe shi ke samun shugabancin kwamiti, don haka mazaɓar da ta kori tsohon wakilinta ta koma ƙarshen layi. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce 'yan kudu sun mamaye manyan kwamitoci ta wannan hanyar, irin su Wilbur Mills na Arkansas, saboda kawai ba mai kayar da su a gida.

Da duk wannan katanga, ta ina aka shiga? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar farko ita ce ƙarancin masu fitowa. A 2018 Niyok tana da wani tsari mai ban mamaki: fidda gwanin kujerun tarayya a watan Yuni, na gwamna da majalisar jiha a watan Satumba. Wato ranar 26 ga Yuni, a mazaɓa ta 14, babu wata babbar takara a takardar ƙuri'a da za ta ja mutane zuwa rumfa. Ƙari a kan haka, sai ɗan jam'iyya mai rajista ke da ikon jefa ƙuri'a, kuma wanda ke son sauya rajistarsa zuwa Dimokurat don ya shiga zaɓen Yuni, tilas ya yi hakan tun Oktoban shekarar da ta gabata. Waɗannan dokoki sun daɗe suna yi wa masu riƙe da jam'iyya daɗi, domin in mutane kaɗan ne za su fito, to 'yan gida ne za su fito. Amma wuƙar baki biyu gare ta. In duk zaɓen mutum 30,000 ne, ba ka buƙatar talabijin, ba ka buƙatar miliyoyi. Kana buƙatar mutum 16,000 ko 17,000 da ka san sunayensu da ƙofar gidajensu. Wannan aiki ne da 'yan sa-kai ɗari biyu ko uku masu ƙwazo za su iya yi da ƙafa da waya.

Haka aka yi. Ocasio-Cortez ta yi wa Sanata Bernie Sanders aiki a kamfen ɗinsa na neman takarar shugaban ƙasa a 2016, kuma wasu ƙungiyoyi da suka tsiro daga wannan kamfen, Brand New Congress da Justice Democrats, su suka tsayar da ita. Daga baya reshen Niyok na ƙungiyar 'yan gurguzu masu bin dimokuraɗiyya ya mara mata baya da matasa masu bin gida-gida. Doka ta ce ɗan takara ya kawo sa hannun mutum 1,250 kafin sunansa ya shiga takardar ƙuri'a. Lauyoyin jam'iyyar Queens sun yi suna wajen bin sa hannu ɗaya bayan ɗaya suna soke na masu ƙalubalantar 'yan gida, don haka ta kai sama da 5,000. Crowley ya fi ta kuɗi fiye da ninki goma. Ita kuwa, da yake ba ta da wata kujera da take tsoron rasawa, barazanar da ke hana kansiloli fitowa ba ta kama ta ba. Wannan batu ba a cika faɗinsa ba: tsarin da ya tsoratar da duk 'yan siyasar Queens bai tanadi komai ba domin wadda ba 'yar cikinsa ba.

Tsaga ta biyu daga Crowley kansa take. Iyalinsa suna zaune a Virginia, kusa da Washinton, 'ya'yansa a can suke makaranta. Doka ba ta hana ba, kuma 'yan majalisa da yawa haka suke yi. Amma ta ba abokiyar hamayyarsa magana mai shiga jiki, wadda ta sa a wani ɗan bidiyo na minti biyu da ya yaɗu a intanet: mutumin da ba ya zaune tare da mu, 'ya'yansa ba sa makarantunmu, ba ya shan ruwan da muke sha, ta yaya zai wakilce mu? Sannan aka shirya muhawara a Bronx 'yan kwanaki kafin zaɓe, bai je ba, ya tura wata tsohuwar kansila ta tsaya masa. Jaridar New York Times ta caccake shi a kan haka. Ba wai bai yi kamfe ba ne. Ya kashe kuɗi, ya aika takardu gida-gida. Sai dai injin da ya shekara goma sha huɗu ba a tayar ba, ranar da aka murɗa makulli sai aka tarar ya yi tsatsa. Binciken jin ra'ayi da kamfen ɗinsa ya yi makonni kaɗan kafin zaɓe ya nuna yana gaba da tazarar sama da kashi 30. Masu binciken sun tambayi waɗanda suka saba fitowa, ita kuma waɗanda ba su saba ba ta je ta ɗauko.

A nan sai a yi hattara da fassara mai sauƙi. Washegari aka yi ta cewa mazaɓa ce ta 'yan Latin Amurka da ta gaji da wakili Bature ɗan asalin Ailan, ta zaɓi tata. Da aka duba sakamako akwati-akwati, sai aka ga wani abu daban. Inda ta fi yin kaca-kaca da shi su ne Astoria da Sunnyside da Woodside, unguwannin da matasa masu digiri, da yawansu fararen fata, suka yi ta tarewa saboda tsadar haya a Manhattan. Crowley ya fi riƙe wuta a wasu unguwannin tsofaffin mazauna, har da na baƙar fata. Bambancin manufa ma bai kai yadda aka zuzuta ba. Ta yi kamfe da inshorar lafiya ta gwamnati ga kowa, da rushe hukumar ICE mai kamen baƙin haure, da karatun jami'a kyauta. Shi kuwa ya riga ya sa hannu a ƙudurin inshorar lafiyar tun 2017. Abin da ya raba su ya fi kama da tambayar waye yake nan, waye ba ya nan, kuma kuɗin wa kake ci.

Shekara huɗu kafin nan an ga irin wannan a ɗaya ɓangaren. Eric Cantor, shugaban masu rinjaye na Rifablikan, na biyu a majalisar, wanda ake jira ya gaji kakaki John Boehner, ya sha kaye ranar 10 ga Yunin 2014 a mazaɓa ta 7 ta Virginia a hannun Dave Brat, malamin tattalin arziki a wata ƙaramar kwaleji. Cantor ya kashe sama da dala miliyan 5. An ruwaito cewa abin da kamfen ɗinsa ya kashe a gidajen cin nama kaɗai ya kusa kai duk abin da Brat ya kashe. Shi ma mai yi masa bincike ya ce masa yana gaba da sama da kashi 30. Shi ma zargin da ya ci shi shi ne ya zama ɗan Washinton, ya manta gida, ga kuma batun baƙin haure da aka ce ya yi sanyi a kai. Akwai abin lura a nan: hawan da mutum ke yi a shugabancin majalisa, wanda kujerar aljihu ce ta ba shi sukunin yin sa, shi ne kuma ke nisanta shi da mutanen da ke iya sauke shi. Yana yawon tara wa wasu kuɗi a California da Florida, ana ɗaurin aure da jana'iza a mazaɓarsa ba shi.

Amma kada a ɗauka wannan ya zama ruwan dare. A duk faɗin Amurka a 2018, 'yan majalisar wakilai huɗu ne kacal suka faɗi a fidda gwani: Crowley da Mike Capuano na Massachusetts a ɓangaren Dimokurat, Robert Pittenger da Mark Sanford a ɓangaren Rifablikan. Sauran ɗaruruwan sun wuce salin-alin. Abin da faɗuwar mutum ɗaya kamar Crowley ke yi ya fi yawa a zukatan waɗanda ba su faɗi ba. Kowane ɗan majalisa mai kujerar aljihu ya san Nuwamba ba za ta taɓa shi ba, don haka kunnensa na wurin 'yan dubban da ke fitowa fidda gwani, waɗanda galibi su ne masu zafin ra'ayi a jam'iyya. In ya zauna da ɗaya ɓangaren aka yi sulhu a kan kasafin kuɗi ko dokar shige da fice, ba ya samun ladan komai a Nuwamba, amma yana iya jawo wa kansa ɗan takara a Yuni. Mai neman dalilin da ya sa majalisar Amurka ke yawan cijewa har a rufe ma'aikatun gwamnati, to ga babban yanki na amsar. Ita jam'iyyar ma ta tsorata: a 2019 kwamitin kamfen ɗin Dimokurat na majalisar ya ce ba zai ƙara hulɗa da duk kamfanin da ya yi wa mai ƙalubalantar ɗan majalisa mai ci aiki ba. An yi ta surutu, aka janye dokar a 2021.

Ƙofar kuma ba ta masu ra'ayin sauyi kaɗai ba ce. A 2020 Jamaal Bowman ya kayar da Eliot Engel, wanda ke majalisa tun 1989, Cori Bush kuma ta kayar da William Lacy Clay a St. Louis, kujerar da gidan Clay, uba da ɗa, suka riƙe tun 1969. Bayan shekara huɗu, a 2024, su biyun duk aka kayar da su ta wannan ƙofa, bayan wata ƙungiya mai alaƙa da AIPAC, masu kare muradun Isra'ila, ta zuba kusan dala miliyan 15 a kan Bowman da sama da miliyan 8 a kan Bush, saboda matsayinsu a kan yaƙin Gaza. Zaɓen da mutane kaɗan ke yankewa yana da araha ga mai 'yan sa-kai, yana kuma da araha ga mai kuɗi.

Wasu jihohi sun gwada gyara. California tun 2012 take haɗa duk 'yan takara a fidda gwani ɗaya, biyun farko su je Nuwamba ko da jam'iyyarsu ɗaya. A shekarar farko Pete Stark, wanda ya yi shekara arba'in a majalisa, ya faɗi a hannun ɗan jam'iyyarsa Eric Swalwell, saboda a wannan karon dukan mazaɓar ce ta yi hukunci, har da 'yan Rifablikan. Niyok ma a 2019 ta haɗe zaɓuɓɓukan fidda gwaninta a watan Yuni, ta kuma sassauta wa'adin sauya rajista. Waɗannan suna rage matsalar, amma ba sa mayar da Bronx wurin da Rifablikan za ta ci.

Crowley ya karɓi kayen a daren, ya ɗauki jita ya yi wa wadda ta kayar da shi waƙa, bayan ya bar majalisa kuma ya shiga wani babban kamfanin lauyoyi da masu kamun ƙafa a Washinton, Squire Patton Boggs. Muƙamin da ya bari a shugabancin jam'iyya ya faɗa hannun Hakeem Jeffries na Brooklyn, wanda a Janairun 2023 ya gaji Pelosi a matsayin jagoran Dimokurat a majalisar. Ocasio-Cortez ta ci Nuwamban 2018 da kashi 78. Yau ita ce mai ci a kujerar aljihu, da asusun da ya ninka na Crowley sau da yawa, ko da yake nata daga ƙananan masu ba da gudummawa yake zuwa. A 2020 ɗan takarar Rifablikan, John Cummings, ya tara kusan dala miliyan 10 daga masu ƙin ta a sassan ƙasar, ya tashi da kashi 27. A 2024 ta sake ci da kusan kashi 69, amma a mazaɓar tata ƙuri'un Donald Trump sun tashi daga kusan kashi 22 a 2020 zuwa kusan 33, musamman a unguwannin 'yan Latin Amurka irin su Corona. Kwanaki kaɗan bayan zaɓen ta hau Instagram ta roƙi waɗanda suka dangwala mata suka kuma dangwala wa Trump su faɗa mata dalilinsu.